Rakiyar Toka zuwa Duwatsun Boone

'Yan uwa na gida, kun yi ta tambayata a waya ko da gaske ne mun yi tafiyar yini guda saboda kyanwa. Da gaske ne, ga kuma yadda aka yi.

Greensboro

Mun idar da sallar asuba gari bai waye ba. Fitilun unguwarmu ta gabashin gari suna ci, raɓa ta kwanta a gilasan motoci, ganyen da ya zubo ya rufe ƙofar gidanmu kamar an shimfiɗa darduma ja da rawaya. Lokacin kaka ne, lokacin da itatuwan ƙasar nan ke sake launi kafin su tuɓe. Na fito rungume da keji, Toka tana ciki ta yi tsit.

Toka kyanwa ce mai launin sunanta, da idanu kore. A nan akwai gidajen da hukuma ke tara karnuka da kyanwoyin da ba su da masu su, muna ce musu shelta. Idan wuri ya cika, a wasunsu akan yi wa waɗanda suka daɗe allurar da ba a tashi. Ƙungiyarmu ta 'yan sa-kai ce, kuma ba ta kashe ko ɗaya. Muna ɗauko su mu raba su gidajenmu riƙo, har Allah ya kawo mai so. Ni ɗaki ɗaya gare ni, na yayana da ya yi aure ya tashi, kuma Toka ce a cikinsa tun bazara.

Sau biyu ana kai ta gidan masu so tana dawowa. Ba ta cizo, ba ta yakushi. Shiru kawai take yi, ta shige ƙarƙashin wani abu ta daina cin abinci, kyanwa kuwa in ta ƙi ci, ciwo ba ya nisa. Wannan ne karo na uku. Ga kuma wata kyanwa uwa da jariranta a wata shelta da ta cika, an ba mu zuwa Litinin mu ɗauke su, alhali duk gidajen riƙonmu sun cika, kuma mai jego ba a haɗa ta ɗaki da wata. In Toka ta zauna a sabon gida, ɗakina nasu ne. In ta biyo mu muka dawo, ba su da wurin zuwa.

Anti Rifkatu ta riga ta tayar da mota. Maƙwabciyarmu ce, nas 'yar Kagoro, ita ta jawo ni cikin wannan aiki. Ina saka keji a kujerar baya sai ga Mama ta fito cikin leshinta na zuwa biki, da mayafi, hannu ɗaya kwandon abinci, ɗayan kuma jakar kayan Toka da na haɗa tun jiya.

"Mama, ina zuwa?"

"Inda za ku."

"Ai kin ce ba ruwanki da ita."

"Har yanzu ba ruwana. Amma abin da ya ci ya sha a gidana, ba za a kai shi gidan da ban gani da idona ba."

Anti Rifkatu ta leƙo ta taga. "Hajiya, wannan ado haka, kai amarya za mu yi?"

"Ke dai ja mota, Maman Dauda. Gari na wayewa."

Summerfield

Mun yi arewa, gidaje suna raguwa, filaye suna faɗaɗa. Hazon safiya ya kwanta a kan ciyawa daidai gwiwar doki, har dawakan da ke bakin shinge suka zama kamar ba ƙafa gare su, suna shawagi ne a kan madara. Na so a ce mun tsaya na kalle su har rana ta ɗago.

A nan Madam Linda take, shugabar ƙungiyarmu, farar mace mai takalman roba da muryar da ke kaiwa ƙarshen gona. Ta leƙa kejin Toka, ta gaishe ta kafin ta gaishe mu.

"Bargonta yana tare da ku? Wanda take kwana a kai?"

Na ce yana cikin jaka.

"Madalla. Shi za ki fara shimfiɗawa a can kafin ki buɗe keji. Kyanwa da hanci take gane gida. Kada ku baro ta sai kun ga ta fito ta ci da idonku. In ba ta ci ba, ku dawo min da ita."

Da Turanci ta yi duk maganar, Mama kuwa tana cikin mota tana jan carbi.

Sai kuma ta ce tana da wata alfarma. Akwai wani tsohon kare da zai je riƙo a Wilkesboro, kan hanyarmu ce. Kafin in buɗe baki, Anti Rifkatu ta buɗe bayan mota, aka ɗora babban keji. Sunansa Kyaftin, baƙi ne, bakinsa duk furfura.

Mama ta waiwaya, ta ga ido biyu suna kallonta.

"Innalillahi! Maman Dauda, kare? Da kayan da zan yi salla a jikina?"

"Yana cikin keji, Hajiya, ga kujera tsakaninku. Ba shi zai ja miki sallar ba."

"Safiya, da saninki?"

"Wallahi Mama yanzu na ji."

Ta tattare gefen mayafinta ta cusa a ƙarƙashin cinya, ta ce a ja mota.

Winston-Salem zuwa Yadkinville

Mun bi ta Kernersville muka ratsa Winston-Salem rana tana fitowa, hasken ya bugi gilasan dogayen gine-gine ya dawo mana ja. Daga nan muka kama babbar hanyar da ta miƙe yamma. Mama ta ce abin da har yau ba ta saba da shi ba a ƙasar nan shi ne a yi tafiya mai nisa haka ba shinge, ba mai leƙo kai ya ce a buɗe but ɗin mota, ba ko mai tallar gyaɗa.

Muka haye kogin Yadkin. Ruwansa ja-ja ne, yana tafiya a hankali, tururi yana tashi a kansa kamar an sauke tukunya. Bayan gada akwai wata ciyawa mai yaɗo da ta haye itatuwa ta lulluɓe su ɗungurungum, sai ka ga kamar taron manyan mutane ne suka rufa da koren bargo suna barci a tsaye. Na sa yatsa ta ƙofar keji. Toka ba ta taɓa ni ba, amma na ji ɗumin numfashinta.

A wani gidan mai kusa da Yadkinville muka tsaya karin kumallo. Mama ta buɗe kwando: fanke, dafaffen ƙwai, dambun nama, da shayi mai citta a filas. Anti Rifkatu ta shiga ta sayo kofi a kofin takarda.

"Wannan baƙin ruwan kike sha ga shayi?"

"Shi ke riƙe ni a aikin dare, Hajiya. Shayinki na masu barci ne."

"Shi ya sa ba kya ƙiba."

"Ke kuma shi ya sa likita ke miki faɗa."

Suka yi dariya, Anti ta kwashi fanke uku.

Wilkesboro

Mai karɓar Kyaftin yana jiranmu a filin ajiye motoci na wani kanti. Tsohon direban babbar mota ne mai dogon gemu, ya ce ƙafarsa da ta karen duk sun gaji, za su dace. Ya buɗe keji, Kyaftin ya sauko a hankali, ya miƙe, ya yi hamma.

Mama ba ta fito ba, amma ta sauke gilashi.

"Safiya, tun Summerfield bawan Allah nan bai sha ruwa ba, bai kuma yi mana haushi ko sau ɗaya ba. Ba shi ruwa kafin su tafi."

Na zuba masa, ya shanye. Ta miƙo min ɗan dambun nama a takarda, tana kallon wani gefen.

"Ki ajiye masa a ƙasa. Kada ya lashe ki."

Anti Rifkatu ta buɗe baki, Mama ta ɗaga mata yatsa, ta rufe.

A bakin hanya wata mata tana sayar da tuffa daga gonarta, muka sayi ƙaramin buhu. Motar ta cika da ƙamshinsa.

Hawan dutse

Daga Wilkesboro hanya ta fara hawa. Duwatsun da muke hangowa shuɗaye tun ɗazu suka matso, suka zama ja da rawaya da ruwan goro, kowace bishiya da irin rininta. Kunnuwanmu suka toshe. Gajimare ya sauko ya tare hanya, muka shige cikinsa, duniya ta ɓace sai jan fitilar motar da ke gabanmu. Na ji kamar muna tafiya a cikin mafarkin wani, kuma in muka yi magana da ƙarfi zai farka. Da muka fito, kwari yana can ƙasa, gidaje kamar an watsa tsabar shinkafa.

Mama ta riƙe hannun ƙofa tana salati a hankali. A nan ne Toka ta yi kukanta na farko, siriri, sau ɗaya.

"Yi haƙuri, mun kusa," in ji Mama, ba ta waiwayo ba.

Kusa da Deep Gap muka wuce gonakin bishiyar Kirsimeti, jere-jere a jikin tudu kamar ɗalibai a layin safe. Anti Rifkatu ta ce ta zaɓi tata tun yanzu.

Boone

Gidan Madam Marta, mai karɓar Toka, yana bayan gari, ƙarshen wata hanyar tsakuwa. Na katako ne, da baranda mai kallon kwari. Tsohuwa ce siririya, mijinta ya rasu, kyanwarta ma ta mutu bara, sana'arta haɗa ƙyallaye ta ɗinka barguna. Ta tarbe mu da hannu biyu. Mama ta gaishe ta da ɗan Turancinta, sannan ta bi gidan da kallo ɗaki-ɗaki, har ta shafa kan taga ta duba yatsa.

"Tana da tsabta," ta ce min da Hausa. "Ba laifi."

An ware wa Toka ɗakin ɗinki, mai taga babba da wani tsohon kabad mai gajerun ƙafafu. Na durƙusa na buɗe jaka. Ƙamshi ya buge ni tun kafin in ga komai: turaren wuta na Mama, na sandal, wanda take ajiyewa sai baƙi. Bargon Toka yana sama, an wanke shi tas, an goge, an ninke shi huɗu. Ko gashi ɗaya babu. A ƙarƙashinsa ga sababbin kwanoni biyu da sabon tawul.

"Mama, me ya sami bargon?"

"Na wanke shi jiya bayan kin shiga ɗaki. Sau biyu ma, sannan na turara."

"Mama!"

"Mene ne? Tsumma duk gashi da ƙarni za ki kawo gidan mutane? A ce haka 'yan Nijeriya suke?"

Anti Rifkatu ta dafe kai. "Hajiya, ƙarnin nan shi ne maganin. Shi aka ce a kawo."

Na yi mata bayanin abin da Madam Linda ta ce. Ba yadda za mu yi, na shimfiɗa bargon na buɗe keji. Toka ta fito da rabin jiki, ta shinshina shi, ta yi atishawa, ta ja da baya. Kafin in ƙifta ido ta shige ƙarƙashin kabad, can ƙurya inda hannu ba ya kaiwa.

Muka zuba abinci muka fita. Muka dawo, yana nan yadda yake. Na kwanta a ƙasa na kira ta da duk sunayen da nake kiranta, na tura mata gyalena, amma shi ma jiya aka wanke shi. Idanu biyu kore kawai nake gani, ba sa ko motsi. Madam Marta ta dafa mana miyar kabewa da burodin masara, muka ci ba mu ji daɗinsa ba. Ta shimfiɗa mana sabon bargo a falo muka yi azahar, ni da Mama. Rana ta fara karkata, inuwar dutse ta fara rarrafowa cikin kwari, Anti Rifkatu kuma tana da aiki washegari da sassafe, ba ta son saukar dutsen nan da duhu.

"Safiya," ta ce a hankali, "in la'asar ta yi ba ta ci ba, sai dai mu ɗauke ta."

Na ce to. Na fita baranda don kada a ga idona. Ina tunanin wata uwa da ban taɓa gani ba, kwance a kejin ƙarfe da jariranta a gefenta, ba ta san ana lissafa mata kwanaki ba.

Mama tana barandar, a kujera mai lilo, ba ta lilawa. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Mun daɗe muna kallon gajimare yana wucewa a ƙasanmu.

"Ina shekara shida aka kai ni riƙo Zariya, wurin Gwaggo Asabe," ta ce. "Innata ta ɗinka min kaya sababbi kaf, har tabarma sabuwa, don kada a ce ta turo ni da tsumma. Gwaggo ko harara ba ta taɓa yi min ba. Amma tuwo ya ƙi wuce min wuya. In na ja zanin rufa na shinshina, sai ƙamshin kanti. Har aka fara cewa a mayar da ni."

"Sai aka yi yaya?"

"Baba ya zo duba ni, ya manta hularsa a kan tabarma. Tsohuwar hula, duk gumi. Na ɓoye ta a cikin zanina. Ranar na cinye tuwona har na nemi ƙari." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ni da aka yi wa, ni na zo na yi wa wata."

Ta miƙe ta shiga ɗakin ɗinki, na bi ta. Ta rufe ƙofa, ta ajiye mayafi, ta ɗage rigar leshin. Ashe a ciki tana sanye da tsohuwar suwaitarta ta zaman gida, ruwan ƙasa, mai ɓallallen maɓalli, saboda an ce mata dutse akwai sanyi. Ta cire ta. A hasken taga na ga gabanta duk gashi ne, launin toka.

"Mama, wannan gashin fa?"

"In kin tafi makaranta, a cinyar wa kike tsammani take yini?"

Ta shimfiɗa suwaitar a bakin kabad, ta jawo kwanon abinci kusa, ta zauna a ƙasa da leshinta, ta miƙe ƙafa. Ba ta kira ta ba. Carbinta ta ciro ta ci gaba da ja, ƙwaya tana bin ƙwaya, irin ƙarar da ke tashi a falonmu kowace hantsi. Na tsaya a jikin ƙofa ina kallo.

Hanci ne ya fara fitowa. Sai gashin baki, sai ƙafa ɗaya. Toka ta shinshina hannun suwaitar, ta bi shi har wuya, ta hau, ta tattaka da ƙafafunta na gaba kamar mai kwaɓa fulawa, ta juya sau biyu ta zauna. Can ta miƙa wuya cikin kwano. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ƙaramar taunar ba.

Na buɗe ƙofa, Mama ta yi wa Madam Marta alama ta shigo a hankali, ta zaunar da ita a gefenta, ta kama hannunta ta ɗora a gefen suwaitar. Toka ta ɗago ta shinshina yatsun, ta koma kan abincinta.

Da muka fito falo Mama ta gyara mayafi ta tsaya, irin tsayuwar da manya ke yi in an kai yarinya ɗakinta.

"Safiya, faɗa mata. Ga Toka nan mun kawo, amana ce. Ba ta da kowa a ƙasar nan sai mu. Tana da kunya, ba ta da faɗa. In ta yi laifi a yi haƙuri, in abin ya gagara a kira mu, kada a kai ta ko'ina. Ba ta son a ɗauke ta, sai ta zo da kanta. Ranar Juma'a a ba ta kifin gwangwani kaɗan."

"Mama, wane kifin gwangwani?"

"Ke dai fassara."

Na fassara. Madam Marta ta riƙe hannayen Mama biyu ta ce ta karɓa.

"Kuma ki ce mata rigar nan kada ta wanke."

"Hajiya," in ji Anti Rifkatu, "yau ke ce da wannan maganar?"

"Maman Dauda, tashi mu tafi kafin in ce wani abu."

Komawa

Tun a tsakar gidan na kira Madam Linda na ce ta ci. Ihun da ta yi sai da Mama ta ji daga cikin mota. Ta ce ranar Litinin da safe za ta kawo min mai jegon.

Mun sauko dutse rana tana bayanmu, komai ya zama ruwan zinariya, har kwalta. Mama tana rawar sanyi cikin leshi, Anti ta kunna mata na'urar ɗumama mota tana tsokanarta cewa an kai amarya an dawo ba riga. Muka yi la'asar a gefen wani wurin hutawa bayan Wilkesboro, muka ci tuffa. Kejin yana gefena ba kowa, na ɗora hannu a kansa har Winston-Salem. Fitilun Greensboro suka tarbe mu ana shirin magariba.

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Anti Rifkatu da motarta da bakinta, da Madam Marta da ta buɗe ƙofarta ga baƙuwar da ta zo ta shige mata ƙarƙashin kabad, da ku da kuka yi ta tambaya ko da dariya kuke yi.

Bayan mun yi salla na ɗauki tsintsiya da bokiti na shiga ɗakin da ba kowa, don in wanke shi kafin Litinin. Ina cikin goge ƙasa Mama ta tsaya a bakin ƙofa. Ta cire leshin, ta ɗaura wani tsohon zani da ban taɓa gani ba, wanda ya koɗe har ba a gane zanensa.

"Mama, daga ina wannan kuma?"

"Ƙasan akwati. Jariran nan nawa ne kika ce?"

"Huɗu."

"To ka ga. Su ma wata rana kai su za a yi." Ta gyara ɗaurin zanin, ta nufi kujerarta ta falo. "Bari in fara zama da shi tun yanzu. In lokaci ya yi sai a raba shi huɗu."